Mai Juya Injin Ko-ta-kwana

Ranar da na fara ganin mutumin da zai zama surukina, guduma ce a hannuna, kuma ya same ni ina aikata abin da ya fi tsana a duniya. Na zo wurin 'yarsa ne, na sha wanka, na fesa turare, sai tayar gaban babur ɗina ta rasa inda za ta fara kuka sai a ƙofar gidansu. Na kwance ta, na sayo sabon boris a shagon bakin layi, na ɗora shi a mazauninsa, na shiga narka masa guduma. Ban ankara ba na ga inuwa ta rufe ni. Wani dattijo ne siriri mai dogayen yatsu, baƙin mai ya zauna a gefen faratansa irin zaman da sabulu ya riga ya haƙura da shi.

"Me ya yi maka?" in ji shi.

"Wa, Baba?"

"Ɗan ƙarfen nan. Na ga kana dukansa kamar ya zagi gidanku."

Na ce ai shigar da shi nake yi. Ya tsuguna ya fitar da boris ɗin, ya miƙo mini ya ce in juya shi a hankali. Na juya, na ji yana ɗan cijewa yana saki a ƙarƙashin yatsana. Ya ce boris zobba biyu ne, ƙarami a cikin babba, da ƙwallayen ƙarfe a tsakaninsu suna gudu a kan hanya mai santsi. Duk dukan da na yi wa ƙaramin zoben, ta kan ƙwallayen ya bi ya wuce, kowanne ya buga ɗan raminsa a kan hanyar.

"Ka kashe shi tun bai fara aiki ba," ya ce. "Mene ne sana'arka?"

"Fenti nake yi, Baba."

"Na ga alama. Ku aikinku rufe aibi, mu aikinmu nemo shi."

Ya shiga gida ya ɗauko wani boris a naɗe cikin takarda mai maiƙo, da guntun bututu daidai faɗin babban zoben. Ya wanke hannunsa kafin ya buɗe takardar. Ya ɗora bututun, ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa shi yana zagayawa, har ƙarfen ya zauna daram. Ina jin dariyar 'yarsa daga bayan ƙyaure. Auta suke kiranta, ita ce uwar 'ya'yana a yau, kuma har gobe in muka yi faɗa sai ta ce in je in ɗauko gudumata.

Baba Mai Boris ake kiransa a unguwar. Bai yi karatu mai zurfi ba. Da wanke-wanken ƙarafa ya fara a gidan ruwa, inda manyan injina ke tura ruwa zuwa cikin gari, daga nan ya zama mai zuba giris, daga nan aka damƙa masa ɗakin injinan gaba ɗaya. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Ɗaki ne mai dogon rufi, ƙasansa siminti mai rawa, in ka tsaya kana jin motsin injin yana hawowa ta tafin ƙafarka har haƙoranka. Ya taɓa kai ni can bayan aurenmu, wai in ga inda ruwan da nake wanke buroshi da shi yake fitowa.

Injina biyu ne a jere, iri ɗaya. Ɗaya yana aiki, ɗaya a kashe, shi ne na ko-ta-kwana, wanda ake tayarwa in na farko ya sami matsala. Na zaci wurin mai aikin zai kai ni. Sai ya nufi wanda ke kashe, ya kama sandar ƙarfensa da hannu biyu, ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya tsayar da ita, ya goge tsohon layin alli ya ja sabo. Ya ce allin don kada sandar ta koma ta tsaya a inda ta tashi ne. Abokan aikinsa suna daga gefe suna tsokanarsa, wai ya zo tashin amaryarsa daga barci. Ko a jikinsa. Ni ma na yi dariya tare da su, don a ganina injin da ba ya aiki ba ya buƙatar kowa.

Zama da shi sai mai haƙuri. In ya shigo gidanka, kafin ya amsa gaisuwa ya ɗaga kai yana sauraron fanka. In ya ji abin da bai gamshe shi ba, sai ya zaro sukudireba daga aljihu, ya ɗora bakinta a jikin abin, ya kara kunnensa a mariƙin. Keken ɗinkin Auta, injin markaɗen maƙwabciyarmu, keken yara, babu wanda ya tsira. Kuma ba ya gyara a ɓoye, sai ya tsayar da kai ya yi maka bayani.

"Ƙarfe ba ya mutuwa da babban ciwo," haka yake farawa. "Ɗan kwarzane ne, ko ƙwayar yashi ɗaya ta shiga. Ƙwallo ya taka ta, ta lotsa hanyar. To, ramin ba shi ne masifar ba, bakinsa ne. Ƙarfen da aka danna ai ba ɓacewa ya yi ba, gefe ya koma ya yi tudu. Duk ƙwallon da ya zo wucewa, nauyin da ya kamata ya bazu sai ya taru a kan ɗan tudun nan, mai ya gudu ya bar wurin, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ƙasan wurin ya gaji, ya tsage, ɓawo ya ɓalle. Ɓawon nan kuma ya shiga yawo yana haƙa wasu ramukan. Kai kana can kana cewa jiya-jiya lafiyarsa lau."

Na ji wannan karatu har na haddace. In ya fara sai in ce, "Baba, shayinka zai huce." Ya ce, "Bar shi ya huce, mai fenti, kai ne ba na so ka huce da jahilci."

A aljihun rigarsa kullum akwai wani zoben boris, faɗinsa ya kusa tafin hannu, ya sha shafa har yana ƙyalli. In yana tunani sai ya fito da shi yana bin cikinsa da farcen babban yatsa. Ban taɓa tambayarsa labarinsa ba, don na san in na tambaya ranar ba zan je aiki ba.

Da ya yi ritaya, ba a jima ba surukata ta rasu. 'Ya'yansa suka taru suka ce Baba ya sha wahala, yanzu lokacin hutu ne. Suka saya masa kujera mai laushi da rediyo, suka hana shi ɗaukar ko bokiti. Ya zauna. Mutumin da ba ya iya wuce fanka bai saurare ta ba, ya koma wuni yana kallon bango. Mu kuwa muna ta yaba wa kanmu, muna cewa mun iya riƙon tsoho.

Ana cikin haka na faɗo daga tsani. Ina fentin saman wani bene ne, ƙafar tsanin ta zame, na sauko ta gefen dama a kan tarin rodi. Kan ƙashin cinyata, inda yake shiga ƙugu, ya farfashe, rodi kuma ya yage mini naman cinya. Likitar ƙashi, wata mace mai magana ɗaya-ɗaya, ta ce ƙashin ba zai haɗu ba, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Amma ba za ta sa ƙarfe a jikin da ke da buɗaɗɗen rauni ba, don in ƙwayar cuta ta kama ƙarfen, an yi asarar aikin da ƙafar. Sai raunin cinyar ya bushe tukuna. Ta ce in koma gida in jira, kuma ta ja mana kunne da abu ɗaya.

"Kwanciya tana cin fata," ta ce. "In aka bar shi a gefe ɗaya, bayansa zai yi gyambo. In gyambo ya buɗe, ba ni ba aikin nan, kuma irinsa yana iya ɗaukar shekara bai rufe ba. Ku riƙa juya shi, ko yana so ko ba ya so."

Nas ta nuna wa Auta yadda ake yi, da yadda ake gane wurin da ya fara lalacewa. In ka ga ja, ka danna da yatsa. In ya yi fari ya dawo, da sauran rai. In ya tsaya a jansa, an fara shiga uku.

Faɗa da baki ba wuya. Auta tana da tsohon ciki, ko tukunya ba ta ɗagawa da daɗi. 'Yan'uwana maza suna nesa wurin neman abinci. Sai Innata ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu. Ranar farko da aka kira maƙwabta biyu suka juya ni, na yi ihun da ban san ina da shi ba. Ni mai 'ya'ya, da furfura a gemu, na buɗe baki na ce, "Wayyo Inna!" Shi ke nan. Inna ta kori maƙwabtan, ta jawo kujerarta ta dasa a bakin ƙofar ɗakin, ta ce duk mai son taɓa ɗanta sai ya bi ta kanta. Ta ƙara mini katifa, ta jera mini matasai, tana ba ni burodi da shayi a baki. In Auta ta ce likita fa ta ce a juya shi, sai Inna ta ce likita ba ita ta haife shi ba. Ni kuma ba zan yi ƙarya ba, zaman lafiya nake ji, don in ban motsa ba ciwon yana lafawa.

Wata safiya Auta na goge mini jiki, ta tura hannu ƙasan bayana, ta leƙa. Ta ce akwai ja a daidai kan ƙashin, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Ta danna, ya ɗan yi fari da ƙyar, ya daɗe bai dawo ba. Na ga kaina a kan gadon nan har abada, yarana suna girma ina kallonsu daga kwance. Inna ta ce ai ƙurjin zafi ne, a shafa hoda. Auta ta ɗauki mayafinta ta fita.

Da ta dawo, Baba na biye da ita, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya gaishe da Inna cikin ladabi, ya tambaye ta gajiya da mai jiki, sannan ya nemi ta ba shi hanya.

"Malam, ka zo dubiya, ka duba daga nan," in ji Inna. "Ɗana ba injin ba ne."

"Gaskiyarki, 'yar'uwa. Injin in ya lalace ana sayo wani."

Ya jawo ɗan benci ya zauna a gabanta. Ya zaro zoben nan daga aljihu ya ɗora mata a tafin hannu, ya ce ta bi cikinsa da farce. Ta harare shi, amma ta bi. Ina kallonsu ta ƙofa.

"Me kika ji?"

"Wasu 'yan ramuka a jere."

"Aikina ne wannan," ya ce. "Ina saurayi aka kawo mana sabon injin, aka ce na ko-ta-kwana ne, aka ce ni zan kula da shi. Wallahi ban taɓa son wani abu kamarsa ba. Na rufe shi da tamfol, kullum in goge shi, wanda duk ya kai hannu in buge hannun. Ko sau ɗaya ban bari an juya shi ba, wai kada ya tsufa. Ran nan babban injin ya tsaya, aka ce a tayar da nawa. Na yaye tamfol ina taƙama. Yana tashi ya kama kuka, kafin a gyara ɗayan ya yi zafi ya cije. Gari ya kwana biyu ba ruwa. Na ga mata da bokitai a bakin ƙofarmu, na ga ma'aikatan asibiti suna roƙon ruwa a jarka."

Inna ta ce, "To ai ba kai ka ƙera shi ba."

"Haka na ce. Na ce mugun kaya aka sayar mana. Sai injiniyarmu, Allah ya jiƙansa, ya buɗe boris ɗin, ya kira ni, ya kama yatsana ya ɗora a nan inda naki yake. Ya ce kowane rami, wurin zaman ƙwallo ɗaya ne. Injin yana tsaye, amma nauyin sandarsa yana kan ƙwallayen, ƙasa kuma tana rawa saboda ɗan'uwansa da ke aiki. Ƙwallon ya matse man da ke ƙarƙashinsa ya kore shi, ya zauna a wuri ɗaya yana ɗan goga, yana ɗan goga, har ya ci wurin. Da ana juya shi lokaci-lokaci, da mai ya koma, nauyin ya sauya wuri. Ya ce mini, kai ba lalaci ne ya kashe maka injin ba, so ne. Ya ba ni zoben ya ce in riƙe."

Inna ta jujjuya ƙarfen. Can ta ce, "Ihu yake yi, Malam. Sunana yake kira."

"Zai yi. Ki bar shi ya kira, ai kina nan. Ki zauna ta wajen kansa ki riƙe masa hannu. Zagin kuma ki bar mini, ni zan ɗauka."

Ta tashi ta janye kujerar.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Surukinka, mahaifin matarka, ya yaye maka zane yana duba bayanka da gilashin karatu a hanci. Na ce, "Baba, don Allah a nemo wani." Ya ce, "Rufe mini baki, mai fenti. Na ga cikin injin da ya fi ka kyau." Ya ninka zanen gado ya shimfiɗa a ƙarƙashina, ya sa matashi a tsakanin gwiwoyina, ya ce wa Auta ta riƙe ƙafar kawai kada ta ɗaga komai. Ya naɗe bakin zanen a hannunsa na dama, ya dafa kafaɗata da na hagu, ya jawo ni a hankali har na koma kan gefena mai lafiya. Na yi ihu, na kira Inna, na kuma gaya masa maganganun da ba a gaya wa suruki. Ya ce, "Madalla, huhunsa lafiya lau."

Daga ranar ya tare a falonmu. Duk bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, sai in ji takunsa. Wani lokaci gefen hagu, wani lokaci rabi da rabi da matasai a baya, amma bai taɓa barin nauyina ya koma kan jan wurin nan ba. Ya kafa dokoki kamar a ɗakin injinsa. Ba a cin burodi a kan gado, don ɓurɓushi ɗaya a ƙarƙashin fata yashi ne a cikin boris. Zanen gado ba zai tattare ba, sai ya bi shi da tafin hannu ya miƙar. Ba a ja na a kan katifa, sai dai a ɗaga, kada fata ta goge. Da Inna ta kawo man zafi za ta murza wurin, ya ce nas ta hana, wurin da ya gaji ba a ƙara masa aiki. Suka yi ta cacar baki a kan hoda, a kan taga, a kan yawan sukari a shayina. Amma na lura, in lokacin juyi ya yi yana gyangyaɗi, ita ce ke taɓa shi ta ce, "Malam, lokaci."

Kullum da safe sai ya buɗe labule don haske, ya sa gilashi, ya danna wurin da babban yatsansa, ya ɗaga ya zuba ido. Ni ba na ganin bayana, fuskarsa nake kallo a madubin sif. Kwana da kwanaki fuskar ba ta ce mini komai ba. Akwai ranar da ya ce fatar ta yi sheƙi irin wanda ba ya so, ranar ko abinci bai ci ba. Sai wata safiya na ga ya danna, ya ɗaga, ya sake dannawa, sannan ya cire gilashin ya goge ido da gefen riga. Ya ce, "Ya yi fari ya dawo da sauri." Ya fita waje ya daɗe bai shigo ba.

Na kuma lura da wani abu, amma ban ba shi muhimmanci ba, don mai ciwo kansa kawai yake gani. Mutumin da muka ajiye a kujera yana kallon bango ya dawo da surutunsa. Ya kwance fankar ɗakina ya wanke boris ɗinta, ya yi wa yarana karatun kwarzane da tudu har suna gudu in sun hango shi. Sai dai ya fara karɓar kofin shayi da hannun hagu.

Ranar komawa asibiti, likitar ta duba raunin cinyar ta ce ya bushe. Sannan ta ce a juya ni. Ta bi bayana da yatsa tun daga kafaɗa har ƙasa, ta tsaya a wurin, ta danna, ta duba diddigena da gwiwar hannuna.

"An so a yi ɓarna a nan," ta ce, "amma an tare ta. Wa ke juya ka?"

Na nuna Baba, yana raɓe a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ta ce ya shigo. Ta ɗauko samfurin abin da za ta sa mini ta nuna mana, ƙwallon ƙarfe mai sheƙi yana juyawa a cikin ɗan kofi. Idon Baba ya kawo haske.

"Ashe boris za a sa masa! Ranki ya daɗe, na gaskiyar yana cikin takardarsa dai ko? Ba a buɗe ba?"

Ta yi dariya ta ce ba a buɗewa sai lokacin sawa, kuma ba ta bari wani ƙarfe ya taɓa fuskarsa, don kwarzane ɗaya zai riƙa cin kofin har ya lalata shi. Baba ya juyo ya kalle ni, ya ce, "Ka ji ko? Ba ta sa shi da guduma." Ta ce a'a, akwai gudumar, sai dai ta san inda ake bugawa. Suka yi ta hira kamar tsofaffin abokan aiki, ni ina kwance a tsakiya ana maganar ƙuguna.

Aka yi aiki, aka dace. Ranar da na fara taka ƙasa a gida da sanda, ya ce in tsaya. Ya zaro sukudirebarsa, ya ɗora bakinta a ƙuguna ta kan wando, ya kara kunne, ya ce in ɗaga ƙafa in sauke. Yara suna ta dariya. Ya saurara, ya ɗago ya ce, "Shiru yake. A kiyaye shi." A lokacin ne na ga da hagu ya riƙe sukudirebar, hannun daman yana manne da cikinsa. Na ce ya miƙo mini hannu mu gaisa. Ya ɗago shi bai kai ƙirji ba, fuskarsa ta yamutse.

Auta ce ta gaya mini sauran. Tun makon farko kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, ya hana ta faɗa, wai in Inna ta ji za ta ce a dakata da juyi. Da ita ya ci gaba da jan zanen nan, da nauyina a kai, har aka gama. Da aka gama sai ya naɗe hannun ya daina motsa shi don zafi, kafaɗar ta ƙage. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka. Ina tafiya da ƙafata a yau, ina hawa tsani, ina ɗaukar jaririyar da Auta ta haifa, kuma duk a kan kafaɗar tsohon nan na same su. Ban san da bakin da zan gode masa ba, kuma in na fara sai ya ce fankar falo tana kuka.

Muka kai shi asibiti. Mai gashin ƙashi ya duba ya ce kafaɗar za ta saki, amma sai an riƙa motsa ta kullum, a ɗaga, a juya, ko yana so ko ba ya so. Yayyen Auta suka ce a mayar da shi gida ya huta a kujerarsa. Na ce kujerar nan ko kyauta a ba wani, Baba yana gidana.

Yanzu kowace safiya kafin in fita aiki, sai in zaunar da shi a kan benci a tsakar gida. In dafa kafaɗar da hannu ɗaya, in kama gwiwar hannun da ɗayan, in ɗaga a hankali. Mutumin da ya ce mini in rufe baki, ashe shi ma yana da murya. Yana ihu, yana ce mini mugu, yana cewa ramuwa nake yi, wai dama tun ranar gudumar nan nake riƙe da shi. Jiya da ya yi wata ƙara sai na tsaya, na ce ko mu bari sai gobe.

Inna tana zaune a gefensa, ta riƙe masa hannun hagu, zoben nan yana kan cinyarta, don tun ranar ba ta mayar masa ba. Ta ɗago ta harare ni.

"Wa ya ce ka tsaya?" ta ce. "Juya shi."